Darasin da Dogo Ya Tsallake

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Dogo da 'Yan Biyu, ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mini, wanda sai a bakin matarka nake jin labarinsa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in na zauna ta yi shiru, in ta hango matakala ta fara ƙorafi. Maigida ya sami sauƙin tarin, har ya koma kan tsohon rediyon nan nasa da ya mutu tun muna da ƙarfinmu, kullum ya kwance shi ya ɗaure, kullum kuma sai noti ɗaya ya rage a kan tebur. Ɗiyata mai aikin jinya an mai da ita ɗakin ƙananan yara, tana jin daɗin wurin. Jikata Takwarata kuwa ta fara tafiya, duk abin da ke ƙasa da gwiwa a gidan nan ya shiga uku.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali ga waya. Dalilin shi ne sau uku muna magana a kan Dogo, ba ko sau ɗaya da ka bari na kai ƙarshen zancena. Da na buɗe baki sai ka ce in tsaya in ji, in na tsaya kuma ba ka da ranar gamawa. Takarda dai ba a katse ta, shi ya sa na daina ɗaukar wayarka kwana biyun nan na ɗauko biro. In na gama ɗiyata za ta ɗauki hotonta ta turo maka, sai ka nemi wuri ka zauna, ka sa tabarau, ka karanta har ƙarshe kafin ka fara huci. Abin da ka riga ka sani shi ne an cire sunan ɗanka daga jerin masu kammala digiri bana saboda kwas ɗaya tak, Amfani da Laburare, na aji ɗaya, wanda bai taɓa yi ba. Ka kuma san kamfanin da ka nema masa gurbi a wajenku ya ce sai da takardar kammalawa a hannu kafin ƙarshen wata mai zuwa, in ba haka ba su ba wani. Sannan ka ce tunda na yi shekara talatin da ɗaya ina aiki a laburaren jami'ar, in je in ga mutanena a gyara abin kafin a miƙa jerin ga majalisar jami'a. To na je. Abin da ya faru can ne ba ka sani ba, shi zan faɗa maka, amma bi da bi.

Bari in fara warware maka abin da kake ta nanatawa, wai ta yaya za a hana mutum digirin injiniya saboda kwas ɗin da ba na injiniya ba. Kai da ka yi karatu a wurin nan bai kamata a ce ni nake tuna maka ba. Digiri ba sashe ke bayarwa ba, jami'a ke bayarwa. Sashe yana da nasa kwasa-kwasan, su lissafi da zane da sanin ƙarfin ƙarfe da siminti, waɗannan kam Dogo ya cinye su tas, ba mai musu. Amma jami'a tana da nata da ta ɗora wa kowa, ko likita mutum zai zama ko lauya ko mai nazarin ƙwari, su ake kira darussan gama-gari. Akwai na iya rubutu da bayani, akwai na tunani da kafa hujja, akwai tarihin kimiyya, akwai na zama da jama'a, akwai na sana'a, sannan ga na laburare. Kowanne da nauyinsa, wanda suke ce wa yunit, na laburaren biyu ne kacal cikin ɗari da saba'in da wani abu. Sai dai doka ta ce ko dubu ka tara a wani wuri ba za su cike gurbin biyun nan ba. Kuma ba ɓoye dokar aka yi ba, tana nan ɓaro-ɓaro a shafi na goma sha ɗaya na littafin ƙa'idojin da ake ba kowane sabon ɗalibi ranar da ya shigo. Ka san inda na sami na Dogo? A ɗakinsa nan gidana, ƙarƙashin ƙafar teburin karatunsa, ya ninke shi biyu ya tokare don kada teburin ya riƙa girgiɗi. Da na zaro shi ko buɗe shi ba a taɓa yi ba, shafukan a manne suke.

Ranar da abin ya fito, da azahar ya shigo gida, sallamarsa ma sai da na kasa kunne na ji ta. Ya wuce ɗaki, abinci ya huce a rufe. Da na matsa masa sai ya ce wai kwamfutar makaranta ce ta yi kuskure, ta ce akwai kwas a kansa. Ni kuma da wautata na yarda, har ina faɗa ina cewa za su gane kurensu. Washegari na yafa mayafi na bi shi ofishin jami'in jarrabawa na sashensu, wani bawan Allah mai haƙuri da na sani tun yana ɗalibi yana zuwa aron littafi da tsinkakken silifas. Bai yi gardama da ni ba, juyo mini da fuskar kwamfutar kawai ya yi. Na bi layi-layi da yatsa, maki masu kyau reras tun daga sama har ƙasa, abin gwanin sha'awa, sai can a shekarar farko ga akwati ɗaya wayam. Ba faɗuwa ya yi ba, ƙanena, da faɗuwa ce da da sauƙi, ko rajistar kwas ɗin bai yi ba. Na juya na dube shi, ya yi tsuru-tsuru, sannan bayani ya fara fitowa guntu-guntu. Wai a aji ɗaya lokacin darasin ya ci karo da na lissafi, ya ce sai baɗi. A aji biyu ya ci karo da ranar shiga ɗakin gwaje-gwaje. A aji uku ya ji kunyar zama da sababbin shiga. A aji huɗu da biyar kuma ya ɗauka mai maki irin nasa ba wanda zai tsaya tambayarsa yunit biyu.

Da ya tsaya nan da na haɗiye. Amma sai ya ƙara da cewa ai Babansa ma ya gaya masa tun farko kada ya ɓata lokacinsa a kan kwas ɗin kakkaɓe ƙurar littafi, abin da Gwaggo za ta koya masa cikin minti biyar. A gaban mutum ya faɗi haka, mutumin da ya san ni, ya san aikina. Jami'in ya sunkuyar da kai ya shiga gyara takardun da ba su bukatar gyara, ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Kada ka ce ba ka faɗa ba, muryarka na ji sak a bakin yaron. Shekara nawa kana ce mini mai gadin littattafai a gaban 'yan uwa, ana dariya ina tayawa? Ni na ɗauka wasa ne tsakanin ya da ƙane, ashe akwai mai saurare yana ɗauka da gaske. Kafin mu bar sashen sai da na leƙa ofishin malamin da aka ɗora wa duba fom ɗin rajistarsu, wanda shekara biyar yana sa hannu ba ya dubawa, wai da ya ga makin yaron sai ya ɗauka komai daidai yake. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa, ya ba ni haƙuri, amma haƙurinsa bai cike akwatin ba.

Daga nan wayoyinka suka fara. Na ce maka ban iya irin wannan roƙon ba, ka ce ai ba roƙo ba ne, magana ce tsakanin abokan aiki. Na ce abin kunya ne, ka ce kunya ba za ta ba yaro aiki ba. Abin da ya karya ni kukan Maman Dogo ne, da ta ce ni ce uwarsa a nan, ita ba ta da wanda za ta kama sai ni. Ranar Talata na sa Dogo a gaba muka tafi laburare, na hau matakalar nan ashirin da shida ina tsayawa ina hutawa, ina ji a raina ban taɓa hawa ta da nauyin jiki irin na ranar ba. Malamar da ke koyar da kwas ɗin yanzu ita ce shugabar sashen masu karatu. Ni na karɓe ta ranar da ta fara aiki tana 'yar yarinya, ni na koya mata jera kati a akwati, har yau kuma Mama take ce mini. Tana ganina ta miƙe tsaye ta ba ni kujerarta. Na zauna na yi zancen gwiwa, na yi zancen sababbin kantocin da aka kawo, na tambayi lafiyar yaranta ɗaya bayan ɗaya, maganar da ta kawo ni ta ƙi fita. Ita ta rufa mini asiri, ta ce ta san dalilin zuwana, fayil ɗin ya riga ni isowa teburinta.

Ta ce ba za ta iya rubuta maki ga wanda bai zauna jarrabawa ba, kuma ta san ba shi na zo nema ba. Allah kuwa ya sani shi ka aiko ni nema. Sai ta ce amma akwai wata ƙofa a cikin dokar. Ɗalibin shekarar ƙarshe da darasin gama-gari ɗaya ya rage masa ana iya shirya masa jarrabawa ta musamman kafin a rufe jerin ranar Juma'a, da sharaɗin malamin darasin ya sa hannu cewa ya gwada shi ya ga ya riga ya iya aikin a aikace. Ta ce in na yarda a gwada shi yanzu. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Aka kira Dogo daga baranda, ta rubuta masa abu uku a 'yar takarda ta ce tana ba shi awa ɗaya. Na farko ya ɗauko littafin da ta rubuta lambarsa. Na biyu ya nemo wata maƙala a kan tsagewar kankare a cikin mujallar wata shekara, ya rubuta inda ya samo ta yadda wani zai iya bi ya gani. Na uku ta ba shi takardu biyu a kan magana ɗaya, ya faɗi wadda za a dogara da ita da dalilinsa. Ɗanka ya duba ya yi murmushi, irin murmushin nan naku, ya ce kwata ma ta ishe shi.

Ƙanena, da ma ban zauna na kalla ba. Tambayarsa ta farko ita ce ta ina ake shiga wajen littattafan. Shekara biyar ashe bai taɓa wuce zauren karatu na ƙasa ba, inda ke da fanka da wurin cajin waya. Da ya shiga tsakanin kantoci bai san lambar da ke hannunsa ita ce manne a bayan littafi ba, sai ya karkace wuya yana karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, ga shi zanƙalele kansa na neman taɓa fitila. Sau biyu yana wuce littafin, kafaɗarsa har gogar sa take yi. Ina zaune ina hango shi ta gilashin ofis, na cije bakin mayafina, hannuna har ƙaiƙayi yake. Ga kwamfutar neman littafi nan a bakin ƙofa, da ya tuna da ita sai ya rubuta mata doguwar tambaya kamar mai hira da aboki, ta ce ba ta gane ba, ya ce ta lalace. Mujallu kuwa bai san ana ɗinke su shekara-shekara a ajiye su ɗakinsu daban ba, sai ya zaro waya ya kwafi abin da ya fara fitowa, a wajen inda ya samo ya rubuta intanet, kalma ɗaya, ya sa aya. Na ukun ne ya kashe mini jiki. Ya zaɓi takardar da ke da hotuna masu launi, wadda tallar wani mai sayar da siminti ce, ba sunan marubuci ba shekara, ya ture wadda ke da sunan mai bincike da jerin littattafan da ya duba, wai ta cika surutu. Wannan fa shi ne za a ba gada ya gina, mu da jikokinmu mu bi ta kai. Awa ta cika ya dawo yana gumi da littafi ɗaya a hannu, shi ma juzu'i na biyu ya ɗauko maimakon na ɗaya.

Malamar ta ce ya jira a waje, ta tura ƙofa. Ta ɗauko fom ɗin ta ajiye a gabana, ta cire murfin biro. Ta ce na ga abin da ta gani, ba sai ta yi bayani ba. Amma ta ce duk abin da ta sani a ɗakin nan a hannuna ta koya, ba don ni ba da ba ta kan kujerar, saboda haka in na ce ta sa hannu za ta sa, ba za ta tambaye ni dalili ba, ba kuma wanda zai ji daga bakinta. Ka ga abin da ka aiko ni nema ya zo har gabana, kalma ɗaya kawai zan furta. Na tuna da kamfanin, na tuna da kukan matarka, na tuna yaron nan shekara biyar bai taɓa makara ba ko ana ruwa. Na tuna kai ma, yadda kake ƙirga kwanakin da zai zo ya zauna kusa da kai bayan shekarun da kuka yi a rabe. Bakina har ya fara motsi. Sai na hango shi ta gilashi yana tsaye da littafin da ba shi ba ne a hannu, bai ma san inda zai mayar da shi ba, nan na tambayi kaina wa ya mai da shi haka.

Amsar ba ta yi mini daɗi ba, kuma kai ma sai ka ji rabonka. Ka tuna lokacin da kake aji ɗaya kana zaune a gidana, da wani littafin rubutu mai shuɗin bango? Na wannan darasin ne. Duk aikin da aka ba ku ni nake yi a lokacin hutun cin abinci, in kawo maka da yamma ka kwafe da rubutunka. Ka ci maki mafi yawa a ajinku, ka dawo kana cika baki wai kwas ɗin banza ne. Don haka da ka gaya wa ɗanka minti biyar ne ba ƙarya ka yi ba, minti biyar ɗin kake ɗauka kana kwafewa. Duk littafin da ka karanta har ka gama, a kan gadonka ka tarar da shi. Da Dogo ya zo sai na ci gaba daga inda na tsaya. Da safe ya rubuta sunan littafi ya danne da kofin shayi, ni in buga wa tsofaffin abokan aikina waya, kafin la'asar littafi ya iso gida. Jerin littattafan da ke ƙarshen kundin bincikensa ma ni na tsara masa, ina yi ina jin daɗi wai ina taimakon ɗana. Na yi ta tauna muku kuna haɗiyewa, uba da ɗa, har kuka ɗauka abin ba ya bukatar haƙori. Haushinku nake ji, amma na fi jin haushin kaina.

Sai na tura mata fom ɗin na ce kada ta sa. Ta dube ni ta sake tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata, ta mai da murfin biron. Ranar Juma'ar da ta wuce aka miƙa jerin, ba sunan Dogo a ciki. Ina so ka ji wannan da kyau don kada ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba: ba hana ni aka yi ba, an ba ni, ni na ƙi. In fushi za ka yi, ga ni nan, ka bar malamar mutane, ka bar jami'a. Na san abin da na jawo. Gurbin kamfanin nan da wuya ya jira shi, kuma ban san ko za a sake samun irinsa ba, ba zan yi maka daɗin baki ba. Na kwana biyu abinci ba ya shiga, ina ta juya abin a raina. Amma na yi wa mutum ɗaya aikin gida shekara talatin da suka wuce, ga inda ya kawo mu, ba zan sa yarinyar da na koya wa aiki ta yi shaidar ƙarya don in maimaita ba.

Ni na gaya wa Dogo da bakina a hanyarmu ta komawa. Kwana huɗu bai ƙara yi mini magana ba in ban da gaisuwa, ita ma yana yi yana kallon bango. Maigida ya yi ta kai da kawo tsakaninmu, har ya kira shi ya taya shi gyaran rediyo don ya sami hanyar yi masa nasiha, suka gama noti biyu suka rage. Na san bai gaya maka abin da ya faru ba, kunya ce ta hana shi. An yi masa rajistar kwas ɗin a zangon da za a shiga, wata huɗu ne, duk ranar Talata da safe zai zauna da 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa na tokarar benci, abin da ya guda tun yana aji uku. In ya ci, sunansa zai shiga jerin baɗi. Ni dai na riga na sanar da abokan aikina cewa ko sun ji muryata a waya ina neman littafi don Dogo, su kashe wayar.

Jiya da la'asar ina zaune ina tsince wa Takwarata maɓallan da ta watsar, sai ya shigo ya ajiye wata takarda a gabana. Na sa tabarau na duba. Sunanka ne a kai, da shekara, da sunan kundin da ka rubuta na kammala digiri, da lambar kantarsa, komai a inda ya kamata, ko waƙafi bai ɓata ba. Ashe kwana uku ke nan yana komawa laburaren shi kaɗai. Ya je ya roƙi malamar ta nuna masa yadda ake neman littafi, ita kuma ta nuna masa kwamfutar ta koma ofishinta. Ya ce sunanka ya fara gwadawa don ya ga ko za ta san ka, sai ga ka. Awa ɗaya da minti ashirin ya yi kafin ya gano ɗakin kundaye da kantar, amma da hannunsa ya sauko da shi, da hannunsa kuma ya mayar. Ya ce ya karanta shafin godiya. Ka gode wa malamin da ya duba aikin, ka gode wa abokan ɗakinku, ka gode wa mai buga tafireta, har da wanda ya ara maka keke. Sai ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, me ya sa bai ga Gwaggo a ciki ba. Na ce ya tambayi ubansa. Kada ka ɗauka yau na sani. Ni na kai kundin nan wajen mai ɗinki, ni na buga masa hatimi, ni na manna masa lamba na ɗora shi a kanta, kuma na karanta shafin a tsaye kafin in ɗora. Ban taɓa faɗa ba, yanzu ma ba don ka ba ni haƙuri na faɗa ba, abin ya daɗe da daina ciwo sai ɗan tabo.

Bai tashi ba bayan haka. Ya laluba aljihu ya fito da takardun nan biyu na ranar gwaji, ashe ya roƙa an ba shi, ya shimfiɗa su kusa da maɓallan, ya ce in nuna masa yadda ake gane wadda za a yarda da ita, ba amsar yake so ba, hanyar yake so. Na dube shi ta saman tabarau na ce ya sani fa wannan ya fi minti biyar. Ya ce ai yana da wata huɗu.

Saura naka aikin, kuma biyu ne. Ka rubuta wa kamfanin ka faɗa musu gaskiya, kada ka ce rashin lafiya ce, kada ka ce kwamfuta ce, ka ce kwas ɗaya ya rage masa zai gama baɗi, in sun jira Allah ya saka musu, in ba su jira ba Allah ya ba shi wani. Sannan ka kira ɗanka, ba don faɗa ba, faɗan ya sha ya ƙoshi. Ka janye maganar nan da ka dasa masa da bakinka, ka kuma amsa masa tambayar da ya yi mini, don ni na ce ya tambaye ka kuma na san zai tambaya.

Ka gaishe mini da Maman Dogo da kyau, ka ce ta yafe mini hawayen da na sa ta, ɗanta yana cin abinci yanzu, har ya ƙara. Ka gaishe da 'Yan Biyu, ka kuma leƙa ƙarƙashin teburinsu tun yanzu ka ga abin da suka tokare shi da shi. Maigida yana gaishe ka, ya ce in za ka zo ka taho masa da ƙaramin sukundireba. Ɗiyata da mijinta suna gaisuwa, Takwarata ma ta sa hannu, wannan jirwayen da ka gani a gefen takardar nata ne. Allah ya tsare mana ku, ya sada mu da alheri. In Allah ya kai mu baɗi ka zo ganin ɗanka cikin rigar kammalawa, ka zo da takalmi mai daɗin hawa matakala. Na rubuta lambar kundinka a 'yar takarda na ajiye maka, kai ma awa ɗaya zan ba ka.

Taka har kullum, ko kana fushi ko ba ka yi,
Yayarka mai gadin littattafai